Kasuwar Intanet a Ƙasar Gumel

Wata ranar Alhamis na raka kawuna kasuwar Maigatari don ya sayar da bijimai biyu. Aka yi ciniki, aka sallama, mai saye ya ce zai turo kuɗi ta waya. Sai sabis ya ƙi. Muka yi ta ɗaga waya sama har la'asar, daga bisani muka koro dabbobinmu gida. Tun ran nan nake tunanin cewa ba mu kaɗai muka yi hasara ba, har da kamfanonin waya.

Ga dalili. A shekarar 2001 hukumar NCC ta sayar da lasisin wayar salula, MTN da Econet, wanda yanzu ake kira Airtel, kowanne ya biya dala miliyan 285. Glo ya biyo baya a 2003. A lokacin nan kira shi ne hajarsu. Amma da aka ba da lasisin 3G a 2007, 4G ya biyo, har 5G ya iso a 2022, sai ciniki ya koma kan data.

To, masu sayen datar nan suna nan jibge a ƙasarmu. Akwai fataken dabbobi daga Nijar, da masu POS, da manoman riɗi da zoɓo na Gagarawa da Sule Tankarkar masu son jin farashin Kano kafin dillali ya iso. Ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel, ga mu kanmu, don tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB.

Abin da ke hana kamfani shiga ƙauye shi ne tsadar kafa ƙarfen sabis da man janareta. Amma akwai magani. Allah ya hore mana rana, sai a sa sola. Ƙarfe ɗaya kuma yana iya ɗaukar na'urorin kamfani biyu ko uku, su raba kuɗin haya. Har ila yau dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF don tallafa wa irin wannan aiki a karkara.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu da masu unguwanni su ba da fili, su kuma tsare kayan daga ɓarayi. Mu kuwa ɗalibai mu dage da karatun kimiyya, domin ƙarfen nan yana bukatar masu gyara, kuma ɗan gari ya fi sanin hanya. Allah ya sa mu dace, amin.