Ba kowane ice ne na girki ba: Abin da ya kamata uwargida ta duba kafin ta sayi dami

Tsadar gas da kananzir ta mayar da gidaje da yawa kan murhu, har a cikin birane. Da zarar hunturu ya kama kuma, buƙatar ice sai ta ninka, ga girki, ga dafa ruwan wanka, ga jin ɗumi. Sai dai yawancinmu girman dami muke kallo da kuɗinsa, ba mu cika tambayar wane ice ba ne. Alhali kuwa irin icen da ya shiga murhunki shi zai nuna yawan kuɗin da za ki kashe a wata, da irin iskar da ke da yaranki za ku shaƙa.

Abu na farko shi ne bushewa. Icen da aka saro yanzu kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In kika sa shi a wuta, zafin da ya kamata ya tafi gindin tukunya sai ya ƙare wajen ƙone wannan ruwa, shi ya sa za ki ga yana tsiyayar kumfa ta baya, yana tuƙuƙin hayaƙi, tuwo ya ƙi nuna. Gane busasshe ba wuya. Ki ɗaga ki ji, ya fi ɗanye sauƙin nauyi. Ki dubi bakin da aka sare, za ki ga ya tsattsage, ɓawon kuma yana ɓantarewa da kansa. In kika gwara biyu za su yi ƙara tas, ɗanye kuwa sai dai ki ji dim.

Na biyu, irin bishiyar. Kirya da marke da aduwa suna da tauri, suna jan lokaci a wuta, kuma suna barin garwashi mai daɗewa. Ba banza maƙera suka fi son gawayin kirya ba. Irin waɗannan su suka dace da girki mai cin wuta, kamar wake, ganda, dahuwar kan sa ko tuwon taro, kuma a garwashinsu ne doya da dankali suke gasuwa har ciki ba tare da bayan ya ƙone ba. Sabara da kalgo da geza sirara ne, suna kamawa nan da nan, sun isa shayi, kunu ko ɗumame. Kara da kirare na hura wuta ne kawai. Mai dabara takan haɗa biyu: ta tayar da wuta da marar nauyi, sannan ta ɗora mai tauri ya riƙe ta.

Akwai kuma waɗanda arahar su ba ta da amfani. Icen kuka lakaf yake kamar soso, ruwa ya fi yawa a cikinsa. Tumfafiya da tinya da aguwa suna da farin ruwa mai cutar da ido da fata, ba na kusa da abinci ba ne. Haka katakon da aka shafa wa fenti, da falankin da aka haɗa da gam, da guntun turken lantarki da aka jiƙa da maganin gara, duk hayaƙinsu guba ne. Ɗabi'ar nan ta kunna wuta da leda ko tsohon silifa ita ma a bar ta, busasshen kara ya wadatar.

Maganar hayaƙi ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ciwon huhu ne kan gaba wajen yaran, musamman na goye da ke bayan uwa tana fifita wuta. Don haka in da hali a yi girki a tsakar gida, in kuma a ɗaki ne a bar ƙofa da taga a buɗe. Kada a kwana da garwashi ko gawayi a rufaffen ɗaki don jin ɗumi. Yana fitar da wata iska da ba ta da launi ba ta da wari, mutum na barci ta ɗauke shi.

Ajiya ma tana da nata tsari. Maigida ya yi ƙoƙari ya sayi na damina tun da rani, lokacin da ice ya bushe kuma farashi bai tashi ba. A faskara shi, domin faskararre ya fi saurin bushewa. A jera shi bisa duwatsu ko bulo don gudun gara da danshi, a rufe samansa, a bar gefe iska ta riƙa ratsawa. Murhun laka ko na ƙarfe da ke kewaye wuta ya fi na duwatsu uku tattali, saboda iska ba ta kwashe zafin. Rufe tukunya da jiƙa wake tun da dare su ma suna rage ice.

Sai kuma tambayar daga ina icen ya fito. Kaɗanya da ɗorawa da tsamiya suna ci da kyau, amma duk wadda aka kayar an rasa man kaɗe, an rasa daddawa, an rasa kunun tsamiya na shekaru masu yawa. Gawo kuwa takin gona ne da abincin dabbobi da rani. Manoman Maraɗi da Damagaram a Nijar sun nuna akwai mafita. Tun daga shekarun 1980 suka rungumi sassabin zamani, wato barin tohon da ke fitowa daga kututture a gona, a zaɓi masu ƙarfi a rene su, a sassabe sauran a kai murhu. Ta haka bishiyoyi suka dawo a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5, mata kuma suka rage doguwar tafiya neman ice. Ko darbejiyar ƙofar gida, in ana rage mata rassa a kan kari, tana ba da ice ba tare da an kashe ta ba.

Saboda haka in mai ice ya tsaya a ƙofar gida, kafin a shiga ciniki a tambaye shi icen mene ne, a ɗaga a ji nauyinsa. To ku a yankinku, wane ice ne iyayenku mata suka fi yarda da shi, wanne ne kuma suka hana a sa a murhu?