Rumfar Tamfal da Tukunyar Matafiyi

Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Agadas ya san inda itatuwa ke sallama da matafiyi. Da ka wuce Tanut sai manyan bishiyoyi su ƙare, a bar ka da ƙaya, ita ma ɗaya nan ɗaya can. Tafiya ce ta wajen kilomita 450, kuma idan rana ta take kana tsakiyarta, ba ka da wata inuwa sai wadda ka ɗauko a mota. Mutanen can sun san darajar inuwa. Bishiyar nan ta Tenere da ayarin gishirin Bilma ke yada zango a gindinta, da wata babbar mota ta kayar da ita a 1973, ɗaukar gangar jikinta aka yi aka kai gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a madadinta.

A motar kawuna na koyi girkin hanya. Tsohuwar Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, yana kai kaya Agadas da Ingal, ni ne yaron mota, kuma yaron mota shi ne mai tukunya. Kayan aikina ba su da yawa: tamfal ɗaya, sanduna biyu, igiya, kurfoti, rabin buhun gawayi, tukwane biyu, butar shayi da jarkokin ruwa. A ɗaure gefe ɗaya na tamfal a ƙarfen saman mota, a tokare ɗaya gefen da sanduna, a ja igiya. Rumfa ta tashi ke nan. Yanzu akwai ta kanti wadda ake ɗaurewa a rufin mota da kusoshi, a warware ta kamar tabarma, har da mai zagaye gefe da bayan mota gaba ɗaya. Masu yawon daji a Ostareliya da Afirka ta Kudu suna yawan amfani da ita. Na ga irinta, ta fi tamu saurin kafuwa, amma iska da wuta ba su san tsadarta ba, abin da suke yi wa tawa shi suke yi mata.

Kafin a sauke tukunya ko ɗaya, kawu yakan fito ya ɗebi rairayi ya sake shi daga tafin hannu, ya ga inda ya nufa. Da farko na ɗauka al'ada ce kawai. Ashe a nan girkin yake farawa. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, a lokacin kuma rana ta karkata kudu, saboda haka inuwar mota da tsakar rana arewa take faɗawa. Ka ga matsala: ɓangaren da ke da inuwa shi ne mai iska, ɓangaren da mota ta kare daga iska shi ne mai rana. Wanda bai sani ba sai ya bi inuwar mota ya hura wuta a can, iska ta riƙa kwashe zafin tana zuba masa yashi a miya, wake ya yi awa biyu yana ƙememe. Mu mukan gitta motar ta tare iska, mu kafa rumfa a ɓangaren kudu ko yamma. Mota ta zama katanga, tamfal ya zama rufi. Ratar da ke ƙarƙashin mota kuwa, inda iska ke kurɗowa daidai tsayin murhu, sai a toshe ta da buhunan kaya.

Turke ba ya kama rairayi. Ko ka buga shi har kai, iska ɗaya za ta tuge shi. Sai dai ka cika buhu da yashi ka ɗaura igiya ka binne shi, ko ka ɗaure a tayar safaya. A watan Satumba, lokacin taron makiyaya na Ingal da ake kira Cure Salée, damina ba ta gama tafiya ba, hadari na iya tasowa cikin ɗan lokaci. A irin wannan lokaci ana sauke sanda ɗaya ƙasa da ɗaya domin ruwa ya samu hanyar gangarewa, in ba haka ba ya taru a tsakiya ya yi tumbi, ya karya sanda a kan mai girki.

Inda na fi so a saurare ni shi ne wurin ajiye wuta. Ranar farko na kai kurfoti can ciki, jikin mota, inda inuwa ta fi sanyi. Ina fifita gawayi, tartsatsi na tashi, ban ɗaga kai ba sai da na ji wani abu mai zafi ya ɗiga mini a dantse. Tamfal ne ya fara narkewa. Kawu ya zo da sauri ya sa tsumma ya ɗauke kurfotin ya dire shi a bakin rumfa.

"Ɗana, kai aka yi wa rumfar nan. Wuta ba ta jin zafin rana."

"To Kawu, ni a ina zan zauna?"

"Kai a inuwa, ita a baki. Hannunka ai yana da tsawo."

Tabon yana nan a hannuna. Tamfal ɗin da muke saya a kasuwa leda ce aka saƙa, tana narkewa tun zafi bai kai digiri 140 ba, garwashi kuwa ɗaruruwan digiri yake yi. Na yadi mai kauri ya fi juriya, amma shi ma tartsatsi na huda shi, tururin mai kuma yana manne masa har ya zama abincin wuta. Sannan jikin mota ba wurin wuta ba ne ko da babu rumfa. A nan bakin tanki yake, a nan jarkokin fetur suke, kuma tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe har ya iske garwashi. Haka ma gas. Masu tafiya da ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6 su tsayar da ita a tsaye, a inuwa, nesa da zafi. Da gangan ake cika ta kashi 80 cikin ɗari kawai, domin gas na kumbura idan ya ji zafi. Bayan girgizar hanya a shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo. In ya yi kumfa, akwai yoyo, kada a ƙyasta ashana.

Haɗarin da ya fi ba ni tsoro ba shi da harshen wuta ma. A watan Janairu sanyin hamada na dare yana ratsa ƙashi, kuma zuciya takan ce wa mutum ya rataya barguna ya rufe gefunan rumfa, ya jawo kurfoti ciki. Mun taɓa yin haka ni da wani fasinja, kawu yana can yana duba injin. Ba a jima ba kaina ya yi nauyi, jiri ya kama ni, abokin zamana ya fara gyangyaɗi da kofin shayi a hannu. Da kawu ya dawo bai ce komai ba sai da ya yaye bargunan ya fito da mu sarari. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau fiye da 200. Mutum barci yake ji, shi ya sa ba ya gudu. Tun daga daren nan ban sake rufe fiye da gefe ɗaya ba bayan na mota, kuma wuta ba ta kwana inda muke kwana.

Abincin kansa ba ya son dogon bayani. Abin da ba ya lalacewa kuma ba ya shan ruwa da yawa shi ake ɗauka: shinkafa, taliya, kauɗar tumatir, gabu, daddawa, garin kuka, man gyaɗa, kilishi, dabino da cuku. Da rana dafa-duka ce a tukunya ɗaya, murfi a rufe kullum saboda yashi. Wake nakan jiƙa shi tun asuba a roba mai murfi, kafin mu tsaya ya sha ruwa, ya rage mini gawayi. Kwano kuwa da rairayi ake goge shi tukuna, sannan a ɗauraye da ruwa kofi ɗaya.

Da dare, idan akwai Buzu a cikin tafiyar, nakan bar masa wutar. Zai kwaɓa garin alkama da ruwa da gishiri, ya share garwashi gefe, ya shimfiɗa kwaɓin a kan rairayi mai zafi, ya rufe da yashi da toka da garwashi, can ya tono ya juya shi. Gurasar da suke kira tagella ke nan. A kakkaɓe ta, a gutsuttsura a cikin miya. Ita a fili ake yin ta, taku da yawa daga mota, lokacin rana ta faɗi babu mai neman inuwa. Rumfar sai ta koma wurin tabarma da hira, ana jiran shayi na ɗaya da na biyu da na uku.

Idan za mu tashi, wuta nake fara kashewa. Ba a binne garwashi da rai, domin yashi na riƙe zafi, makiyayi ko raƙumi na iya takawa. Nakan zuba masa ruwan wanke-wanke, in juya, in kara bayan hannu in ji ya huce, gawayin da bai cinye ba in shanya shi ya koma buhu. Tukwane su shiga, jarkoki su shiga, kurfoti a ƙarshe bayan ya yi sanyi. Sai an gama ɗaure kaya a inuwarta sannan ake kwance rumfa, mutum biyu, kowa ya juya wa iska baya yana naɗewa.