MAGANIN ƘAS-ƘAS DA IN'INAR MURYA A KWAMFUTAR OFIS

Jagora ga Hakimai da Malamansu

A ofisoshin hakimai da yawa yanzu akwai kwamfutar tafi-da-gidanka. Da ita a ke sauraron jawabin da aka aiko daga birni, da ita a ke shiga taro daga nesa, da ita kuma a ke sake jin maganar da aka naɗa ran da aka zauna sulhun gona ko na iyaka. To, kukan da aka fi yi da ita shi ne muryarta ta kan ɓaci, ana cikin sauraro sai ta kama ƙas-ƙas, ko ta riƙa yankewa.

Kada a raina wannan al'amari, gama da ƙaramar kalma magana ta ke juyawa. Idan mai magana ya ce, "Kada a sayar da gonar," na'ura kuwa ta haɗiye kalmar farko, abin da malami zai ji ya rubuta shi ne, "A sayar da gonar." Ban da wannan akwai hasarar kuɗi. Sau da yawa a kan ɗauki na'ura a kai wa mai gyara, ya canja lasifika, a biya shi, ta komo da cutarta, domin tun farko ba a lasifika cutar ta ke ba. Saboda haka abin da a ke so ko wane malami ya riƙe shi ne, a nemo inda laifin ya ke tukuna, sa'an nan a taɓa aljihu.

1. YADDA MURYA KE FITA DAGA NA'URA

Kwamfuta ba ta ajiye murya ɗungurungum. Aunata ta ke yi, ta rubuta awon da lambobi. A faifan CD, wanda ya fito a 1982, awo 44,100 a ke yi cikin ko wane sakan ɗaya, muryar da ke tafe da hoto kuwa galibi awo 48,000 ne. Sa'ad da za a saurara, ƙwaƙwalwar na'ura ita ke kwaso lambobin nan ta miƙa wa sashen murya ƙunshi-ƙunshi. A Windows, bisa ga al'ada, ƙunshi ɗaya bai fi na kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba, watau awo 480.

Ku ɗauka malami ne ke karanta wa jama'a doguwar takarda a ƙofar hakimi, amma ba a ba shi ita duka ba, yaro ne ke miƙo masa layi-layi daga zaure. Muddin yaron yana zuwa a kan kari, karatu zai tafi sumul. Amma in aka aiki yaron ɗebo ruwa, ko wani ya tsai da shi a hanya, sai malami ya yi shiru, ko ya maimaita layin da ke hannunsa. Jama'a za su ce malami na in'ina, alhali bakinsa lafiya lau ya ke. To, malamin nan shi ne lasifika, yaron kuwa ƙwaƙwalwar na'ura.

2. ƁACIN MURYA IRI UKU NE

Wajibi ne malami ya kasa kunne ya rarrabe su, don ko wanne da inda ya kan fito.

Na farko ƙas-ƙas, kamar an tura busasshen kara a wuta. Shi kan fito daga lasifika, ko waya, ko yawan ƙure murya, ko kuwa ƙaramin jinkiri na ƙwaƙwalwa.

Na biyu in'ina, watau murya ta yanke ta komo, ko ta maimaita gaɓa ɗaya. Wannan kusan kullum jinkiri ne, ko na ƙwaƙwalwa ko na intanet.

Na uku gurnani, ƙara ce mai kauri wadda ba ta tsayawa ko ana magana ko ba a yi. Ita kuwa wajen wutar lantarki a ke neman asalinta.

3. GWAJI HUƊU DA BA SU CIN KO KWABO

Gwaji na farko: a sa maganar nan a wayar hannu a saurara. Idan a can ma ta ɓaci, kuma a daidai wurin da ta ke ɓaci a kwamfuta, to, tun wajen naɗa ta aka sami aibin, na'urar ofis ba ruwanta. Sai a nemi wanda ya aiko ya sake aikowa.

Gwaji na biyu: a soka abin kunne mai waya, wanda a ke kira iyafis. Idan murya ta fito tas a cikinsa, laifin na lasifika ne. Idan a cikinsa ma tana ɓaci, lasifika ta kuɓuta.

Gwaji na uku: a sa wata magana wadda ke ajiye cikin na'ura, ba wadda a ke janyowa daga intanet ba. Idan ta tafi daidai, raunin sabis ne ke kawo in'ina.

Gwaji na huɗu: a zare caja, a bar na'ura a kan batir. Idan ƙarar ta ɗauke nan take, laifin na caja ne ko na wuta.

A yi su ɗaya bayan ɗaya, a kuma rubuta abin da ko wanne ya nuna. Wanda ya taɓa abu biyar lokaci guda, ko ya sami sauƙi ba zai san wanne ne ya yi magani ba.

4. IDAN LAIFIN NA LASIFIKA NE KO NA WAYA

Lasifikar kwamfutar tafi-da-gidanka ƙarama ce ƙwarai, an yi ta don mutum ɗaya ko biyu, ba don cika zaure ba. Waɗansu manhajoji, kamar VLC, su kan bari a ɗaga murya ta zarce 100 bisa 100. Yin haka ya kan sa murya ta tsage, in aka daɗe ana yi kuma ya kan lalata 'yar fatar lasifika. A rage murya zuwa wajen 70 a saurara. Idan ƙas-ƙas ya tafi, an sami dalili. In taro na da yawa, a jona babbar lasifika, kada a ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Cikin lasifika akwai maganaɗisu, ya kan janyo garin ƙarfe da guntun wayar ɗinke takardu, su maƙale a ramukanta su yi ta karkarwa. A kashe na'ura, a share ramukan da busasshen buroshi mai taushi. Kada a soka allura, kada kuma a zuba ruwa ko kananzir.

Idan kuwa a iyafis kaɗai a ke jin ƙas-ƙas, a murza kansa a hankali cikin raminsa. In ƙarar na bin murzawar, ko dai ƙura ta shiga ramin, ko wayar ta karye daga ciki. A gwada wani iyafis kafin a yanke hukunci.

Lasifikar da ba ta da waya, mai aiki da Bluetooth, tana da nata hali. Zangon iskar da ta ke bi, watau gigahaz 2.4, shi ne Wi-Fi ma ya kan bi, sai su riƙa cin karo. Galibi kuma ba ta kai fiye da mita 10, bango kuwa ya kan rage wannan. A matso da ita kusa, a tabbata batirinta na da caji. Ga zama mai muhimmanci, waya ta fi aminci.

5. NAUYIN AIKI DA ZAFI DA ƘURA

Idan gwaji ya wanke lasifika, sai a dubi yaron nan mai miƙo layi, ko an yi masa yawan aike. A danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, wani jadawali zai bayyana mai nuna nauyin da ke kan ƙwaƙwalwa da ma'ajiya. In an ga lamba ta tsaya kusa da 100, a rufe shafukan intanet da manhajojin da ba a bukata. Wani lokaci Windows ce ke sabunta kanta, ko mai farautar ƙwayar cuta ke bincike. In haka ne, a bari su ƙare. Shi ya sa ya kyautu a kunna na'ura tun da sauran lokaci kafin zama.

Zafi kuma babban abokin gaba ne. Ƙwaƙwalwar na'ura in zafinta ya doshi digiri 100, da kanta ta ke rage gudu don kada ta ƙone, da ta rage gudu kuwa sai murya ta soma yankewa. A bazara zafin rana ya kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da wurare da yawa, da hunturu kuma ƙura ta kan toshe kafofin iska. Alamar wannan cuta ita ce, murya lafiya lau da fari, sai bayan an jima ta ɓaci, fanka na ta huci, ƙarƙashin na'ura ya yi zafi. Kada a ɗora ta kan darduma, ko buzu, ko matashi. A sa ta kan tebur, a ɗan ɗaga bayanta iska ta ratsa, a kuma rufe ta da ƙyalle bayan an kashe ta. Ko wace shekara, in hunturu ya wuce, a ba gwani ya buɗe ya share fanka.

Har ila yau, na'ura ta kan yi tsimin batir in caji ya yi ƙasa, ta rage wa kanta ƙarfi. A kashe tsimin nan lokacin sauraro.

6. WUTAR LANTARKI

Wutar gidajenmu tana kai da komo sau 50 cikin sakan ɗaya. In ta sami hanyar kutsawa cikin wayar murya, ita ce a ke ji tana gurnani. Ya fi aukuwa idan an jona kwamfuta da amfilifaya, ko wane da soket nasa, ko ana aiki da janareta, ko da caja mai araha wadda ba ta kamfanin ba. Magani shi ne a jona su duka a mahaɗa ɗaya, a raba wayar murya da wayar wuta, a nemi caja ta ainihi. In zaman gajere ne, a yi shi a kan batir.

Akwai masu cewa a karya doguwar ƙafar fulogi, ta uku, gurnani zai tafi. Lalle kada a yarda. Ƙafar nan ita ke kai wuta ƙasa in waya ta fashe, rai kuwa ya fi murya.

7. DIREBA DA TSARIN MURYA

Tsakanin Windows da ko wane sashe na na'ura akwai wata 'yar manhaja mai aikin tafinta, sunanta direba. In direba ya rikice, ko ya tsufa, murya ta kan ɓaci. Ga matakan da za a bi.

Da fari a sake tashin na'ura ta wurin da aka rubuta Restart. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, kashewa ta Shut down galibi ba ta share kome duka, ta kan adana wani sashe don a tashi da sauri, sai direban da ya kwanta a rikice ya farka a rikice.

Na biyu, a danna hoton lasifika da ke kusurwar allo ta ƙasa da maɓallin dama, a shiga tsarin murya, a kashe ƙawar da a ke yi wa sauti, an rubuta ta Audio enhancements. A nan kuma a ke zaɓen yawan awo. A sa 48,000, in bai yi ba a gwada 44,100.

Na uku, a danna alamar jirgin sama, wadda ke kashe Wi-Fi, a sa maganar da ke ajiye. Idan in'ina ta tsaya, direban Wi-Fi ne ke tsai da yaro a hanya, shi za a sabunta. Masu gyara su kan gane irin wannan da wata manhaja mai suna LatencyMon.

Na huɗu, a ɗauko sabon direba daga kamfanin da ya ƙera na'urar, ko HP, ko Dell, ko Lenovo, bisa ga lambar da ke rubuce a ƙarƙashinta. Idan kuwa cutar ta soma ne bayan an sabunta, a komar da tsohon. A guji manhajojin da ke tallar gyara direbobi duka da dannawa ɗaya.

8. TARO DAGA NESA

In ana taro ta Zoom ko makamancinta, hoto ya fi murya cin sabis nesa ba kusa ba. Da murya ta soma yankewa, a kashe hoto, a matsa inda sabis ya fi ƙarfi, a kuma cire sauran wayoyin da ke sha daga Wi-Fi ɗin ofis.

Ga kuma doka wadda ta fi duk dabarun nan. Malami kada ya rubuta abin da kunnensa bai ji sosai ba, kada ya cike giɓi da zato. Ya nemi a maimaita, musamman suna, da adadi, da kwanan wata, da wurin da aka ce "a yi" ko "kada a yi". In umurni ne mai nauyi, a roƙi a biyo shi da takarda. Mai tambaya ba ya ɓata.

9. SA'AD DA ZA A KAI WA MAI GYARA

Za a kai ta in an tabbata lasifika ta tsage, ko ramin iyafis ya lalace, ko fanka ta tsaya, ko an bi matakan nan duka ba a dace ba. Idan an ga na'ura ta kumbura, batir ne ya lalace, yana iya kama wuta. A kashe ta, kada a sake yi mata caji, a kai ta nan da nan.

Kafin ta bar ofis, a kwafe takardu da maganganun da aka naɗa a ajiye wani wuri. Abin da ya ke asirin jama'a ne, a cire shi daga cikinta, gama amana ce a hannun hakimi. A ba mai gyara takardar gwajin da aka yi, ya faɗi abin da zai canja da kuɗinsa kafin ya soma, ya kuma komo da tsohon abin da ya cire. In an je karɓa, a saurari murya a gabansa, a bar ta ta jima tana aiki har ta ɗau zafi, sa'an nan a biya.

Ana roƙon hakimai su sa malamansu su kwafi gwaji huɗun nan a liƙa kusa da teburin na'ura, su kuma riƙa jarraba murya kafin jama'a su taru. Rigakafi ya fi magani.