Yaron da bakinsa ya yi nauyi: a fara duba kunne

Tambayar da ta fi yawa a shirinmu na wannan mako daga iyaye mata ta fito: "Ɗana ya kusa shekara 2, sa'anninsa na ta surutu, shi ko shiru. Lafiya kuwa?"

To, yara ba sa tsintar magana rana ɗaya. Galibi jariri kan fara gwaranci, "ba-ba, da-da", tsakanin wata 6 zuwa 9, kalmar farko ta zo wajen shekara 1, haɗa kalma biyu kamar "Inna ruwa" kuma wajen shekara 2. Amma wani kan riga, wani ya makara da watanni, duk kuma lafiyarsu lau. Harafi irin su "r" da "ts" ma sai daga baya suke zama a baki.

Abin lura shi ne ganewa tana gaba da furtawa. Ki ce masa "ɗauko ƙwarya" ba tare da kin nuna da hannu ba. In ya ɗauko, maganar tana shiga, fitowa ce ta rage.

Mu nan bakin iyaka, daga Konni da Illela har Maraɗi da Jibiya, yaro kan tashi da Fulatanci a ruga, Hausa a kasuwa. Wasu na cewa harshe biyu ne ke ɗaure masa baki. Ba haka ba ne. In ya ce "kosam" wurin kaka, ya ce "ruwa" wurin maƙwabta, kalma biyu ke nan gare shi. A haɗa duka a ƙirga. Cakuɗa su da yake yi ma ba ruɗewa ba ce, ai mu manya haka muke yi wurin ciniki.

Inda ba a jira shi ne in ba ya waiwayowa idan an kira sunansa ta baya, ko kunnensa na zubar da ruwa, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya, musamman bayan sanƙarau ko ƙyanda, don suna iya taɓa ji. Haka in ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba. A nan kada a ce sai an dawo daga mashekari, kada kuma a kai shi wurin wanzami yankan linzami. A kai shi asibiti mafi kusa, ko a wane ɓangaren iyaka kuke, a ce a duba kunnensa.