Likitocin Bakin Titi: Yadda Ake Kai Magani Ga Marasa Matsuguni A Amurka

Idan aka ambaci Amurka, abin da yake fara zuwa mana a rai shi ne dogayen benaye da manyan asibitoci. Amma a ƙarƙashin gadojin biranenta da gefen layukan dogo akwai tantuna da rumfunan leda da dubban bayin Allah suke kwana a ciki. Ƙidayar da ma'aikatar gidaje ta ƙasar ta yi a dare guda cikin watan Janairun 2024 ta nuna mutum fiye da 770,000 ba su da matsuguni, kuma fiye da kashi ɗaya cikin ukunsu a fili suke kwana, ba a gidajen agaji ba.

Rashin rufin ɗaki kansa cuta ne. Wanda yake yini a tsaye, ya kwana da jiƙaƙƙen takalmi, ƙafarsa ce take fara lalacewa, ƙaramin rauni ya zama gyambo. Mai ciwon suga ba shi da inda zai adana allurarsa daga zafin rana, mai hawan jini kuma sai a sace jakarsa da maganin wata guda a ciki. Ga taɓin hankali, ga miyagun ƙwayoyi irin su fentanil da suke kashe mutum cikin 'yan mintoci. Wani bincike a birnin Boston ya bi sawun mutum 445 masu kwana a titi daga 2000 zuwa 2009, ya gano cewa yawan mace-macensu ya kusa ninka na sauran manyan mutanen jihar sau goma.

Cutar kuma ba ta tsayawa a bakin tanti. A shekarar 2017 ciwon hanta nau'in A ya yaɗu a San Diego, ya kama mutum kusan 600, ya kashe 20, kuma marasa matsuguni ne suka fi jin jiki. Rashin makewayi da ruwan wanke hannu ne ya buɗe masa hanya. Sai da hukuma ta kafa wuraren wanke hannu a tituna, ta tura ma'aikatan jinya da ƙafa suna yin allurar rigakafi tanti-tanti, sannan annobar ta lafa.

Mai karatu zai ce, me ya hana su zuwa asibiti? Wanda ya tafi asibiti ya bar tantinsa, yana iya dawowa ya tarar an kwashe duk abin da ya mallaka. Da yawa ba su da katin shaida, ba su da wayar da za a kira su, wasu kuma sun sha kallon wulaƙanci har sun rantse ba za su koma ba. Saboda haka sai cuta ta ci ƙarfinsu sannan a ɗauko su ranga-ranga.

Wannan ne ya sa wasu likitoci suka juya tafiyar, suka ce magani ne zai je wurin majinyaci. A 1992 Dakta Jim Withers na birnin Pittsburgh ya fara fita da dare sanye da tsofaffin tufafi, da jakar magani a baya, wani da ya taɓa zaman titi yana yi masa jagora. A Boston kuwa, lokacin da Dakta Jim O'Connell ya fara wannan aiki a 1985, ma'aikaciyar jinya Barbara McInnis ta sa shi ya ajiye kayan awonsa, ya durƙusa yana jiƙa ƙafafun mutane a ruwan ɗumi na tsawon makonni. Darasin shi ne, sai an sami amana ake samun labarin ciwo. Daga baya aka buɗe gidan jinya da sunanta, domin waɗanda asibiti ya sallama alhali ba su warke yadda za su iya komawa titi ba.

A yau ayarin irin wannan aiki yakan ƙunshi likita da ma'aikacin jinya da mutumin da ya san mazauna wurin. Suna wanke rauni, su auna jini, su raba safa da maganin da ake fesawa a hanci don farfaɗo da wanda ƙwaya ta sumar. Suna kuma amfani da allurai masu aikin wata guda ga masu taɓin hankali, tunda allura ba ta ɓacewa kamar ƙwayar magani. Babban ƙalubalensu shi ne rusau. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka ta ba birane damar hukunta masu kwana a fili, kuma duk lokacin da aka tarwatsa sansani, magunguna suna salwanta, likita ya rasa inda majinyacinsa ya nufa.

Mu Musulmi wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ahlus Suffa marasa gida ne da suka zauna a masallacin Manzon Allah (SAW), kuma a masallacin ne Rufaida Al-Aslamiyya ta kafa tantinta, inda aka yi jinyar Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. A 1996 ma, ɗalibai Musulmi masu karatun likita ne suka buɗe asibitin UMMA a kudancin Los Angeles domin talakawan unguwar, ba tare da tambayar addinin kowa ba.

Su ma garuruwanmu ba su rasa masu kwana a tasha da rumfunan kasuwa ba. Kwamitin masallaci da yake da likita ko ma'aikacin jinya a sahunsa yana iya ware dare ɗaya a mako, a tanadi bandeji da sabulu daga asusun sadaka, a riƙa komawa wuri ɗaya har a saba da juna. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu ikon isa gare su.