Tallar daƙiƙa 30: Abin da ɗan kasuwa zai sani kafin ya miƙa hajarsa ga ɗalibai

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. Duk ɗan kasuwar da ke da babbar waya a yau ya san gaskiyar wannan magana, domin sau da yawa abokin ciniki ba ya turo kuɗi ta Bankak sai ya ga hoton kaya ko bidiyonsu. Wannan ne ya sa idan ɗalibi mai karatun aikin jarida ya zo rumfa da kyamara ya ce malaminsa ya ba shi aikin haɗa gajeriyar talla irin ta talbijin, kuma yana son ya yi ta a kan hajarka kyauta, zai yi wuya ka ce a'a. To amma kafin a kunna kyamara, akwai abin dubawa.

Hausawan yankin Sinnar ba baƙi ba ne a harkar ciniki. Tun daga 1906, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda ya rasu a yaƙin Burmi a 1903, ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, jama'armu ke noma da fatauci a wannan ƙasa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka ƙara jawo mutane. Daga nan riɗi da dawa da gyaɗa da zoborodo suka ci gaba da ratsa kasuwanni har zuwa Gallabat a kan iyakar Habasha. Shi kuwa agashe, tsiren da aka barbaɗa wa yajin gyaɗa, ya zama abincin Sudan baki ɗaya, kuma kowa ya san hannun Bahaushe ne ya kawo shi.

Sai dai yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya taɓa wannan ciniki ƙwarai. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar 2023, sannan Sinja a Yunin 2024, kafin sojoji su ƙwace Sinja a Nuwamban 2024 da Wad Madani a Janairun 2025. Mutane da dama sun yi hijira, lambobin waya sun sauya, abokan hulɗa sun watse. Wanda ya sake buɗe rumfa yana bukatar hanyar da zai ce wa tsofaffin abokan cinikinsa ga shi nan ya dawo. A nan ne gajeriyar talla ke da amfani.

Matsalar ita ce bukatar ɗalibi daban, ta ɗan kasuwa daban. Ɗalibi maki yake nema. Malaminsa, ko a Jami'ar Bayero ta Kano yake ko a wata jami'a ta Sudan, zai duba haske da sauti da yadda aka yanka hotuna aka jera su. Kai kuwa ɗan kasuwa, mai saye kake nema. Ana iya haɗa tallar da za ta ci maki mai yawa, amma mai kallo ya gama bai san sunan rumfar ba, balle inda take. Saboda haka a zauna a daidaita tun farko.

Abu na farko shi ne saƙo ɗaya tak. Daƙiƙa 30 ba ta ɗaukar fiye da kalmomi 60 zuwa 70 idan ana son a ji su sarai. Tallar talbijin ta farko da aka biya kuɗi a Amurka, wadda kamfanin agogo na Bulova ya saka a birnin New York ranar 1 ga Yulin 1941, gajeriya ce. Idan mai agashe ne, a nuna nama a kan garwashi, a nuna hannun da ke barbaɗa yaji, a nuna wanda ya ci ya gyaɗa kai, sannan a rufe da suna da wuri da lambar waya. Lambar ta daɗe a kan allo, a kuma faɗe ta da baki saboda wanda ba ya karatu.

Na biyu, harshe. Mutumin Mai Wurno zai ji daɗin tallar Hausa, amma yawancin masu saye a kasuwar Sinnar Larabci suke ji. Dabara ita ce a ɗauki hoto sau ɗaya, a ɗora murya sau biyu. Kuma muryar a naɗe ta a ɗaki mai shiru, domin hayaniyar kasuwa da ƙarar janareta kan cinye magana.

Na uku, kada a sa farashi. Darajar kuɗin Sudan ta faɗi matuƙa tun da aka fara yaƙi, kuma bidiyo kan ci gaba da yawo a WhatsApp watanni bayan an yi shi. Wanda ya ga tsohon farashi ya zo ya tarar da sabo, cewa zai yi an yaudare shi. Haka nan kada a yarda ɗalibi ya aro buhun riɗin da ya fi naka kyau don hoto ya fito. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mutuncin da aka yi shekaru ana ginawa na iya rushewa a daƙiƙa 30.

Na huɗu, izini. A sanar da shugabannin kasuwa da hukuma kafin a fito da kyamara, kuma a nisanci madatsar ruwa da gada da shingen sojoji. Kada a ɗauki fuskar kowa, musamman mata da yara, sai da yardarsa ko ta iyayensa.

Na ƙarshe, a rubuta yarjejeniya ko da layi biyar ce, a gaban shaidu biyu: wa zai biya kuɗin mota da abinci, yaushe za a kawo aiki, ina za a nuna shi. A nemi kwafi biyu, ɗaya a kwance irin na talbijin don malami, ɗaya a tsaye don waya. Kuma ɗan kasuwa ya kalli tallar ya amince kafin ta fita, domin idan ta fita ba ta dawowa.

Idan an kiyaye waɗannan, ɗalibi ya samu makinsa, kai kuma ka samu ɗan aiken da ba ya gajiya. Ranar da aka kawo maka bidiyon, ka nuna wa wani da bai san rumfarka ba, ka tambaye shi: me ake sayarwa, kuma a ina? Idan ya amsa daidai, a tura. Idan ya yi shiru, a koma a gyara.