Ciyawar Pampas ko Gyaɗa: Wacce Ta Dace da Gidan Zango?

Dukkansu biyun asalinsu Kudancin Amurka ne, amma amfaninsu ya sha bamban. Ciyawar pampas, mai farin gashi kamar bunun gamba da ake ƙawata wurin biki da shi, tana kai tsawon mita 2 zuwa 3. Gindinta yana faɗaɗa kowace shekara, ganyenta kuma yana yanka hannu kamar reza. A gidajen haya na unguwannin zango irin su Nima da Maamobi, inda yara ke wasa a ɗan tsakar gida, wannan abin dubawa ne.

Gyaɗa kuwa ko a buhun da aka cika da ƙasa mai yashi takan yi. A sayi ɗanya, wadda ba a soya ba, a Kasuwar Malam Atta, a shuka da ruwan Afrilu. Furenta rawaya ne. Idan ya bushe sai tsinkensa ya sunkuya ya shige ƙasa, a can ƙwayar ke nuna cikin kwana 90 zuwa 120 daga ranar shuka. Saiwarta tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƙwayar ta shiga miya, harawar kuma ragon layya ya ci.

A ganina, mai ƙaramin fili ya shuka gyaɗa.